Innarmu ta Xiaobei da Waɗanda Suka Ƙi Yi Mata Salla

Ga Allah muke, kuma gare shi kowa zai koma, da wanda aka yi wa kuka da wanda aka ƙi yi wa.

Ranar Talata da hantsi Inna ta cika a wani asibiti da ke unguwar Baiyun. Kafin azahar labarin ya shiga zauren waya na 'yan kasuwarmu na Guangzhou, inda 'yan Kano da 'yan Maraɗi da 'yan Yamai suke sanar da juna tashin jirgi da isowar kwantena. Wani ne ya rubuta, "Kawu mai tuwo ya rasu." Ina zaune a kan benci kusa da ɗakin ajiye gawa, waya a hannuna, ina jiran abin da za su ce.

Aka daɗe ba wanda ya tanka. Can sai wani mai sarin takalma ya rubuta, "Allah ya jiƙan Musulmi." Duk Bahaushe ya san abin da wannan addu'a take nufi. Ita ake yi wa wanda ba a so a ce Allah ya jiƙansa. Wasu suka biyo shi da irinta, ko kalma ɗaya ba su sauya ba. Wani ɗan Maraɗi, wanda ban zarge shi da mugunta ba sai dai wauta, ya ce, "To yanzu ina za a riƙa samun tuwo?" Wani kuma ya turo hoton atamfa yana tambayar wanda ya san masana'antar da take buga ta.

Sannan Alhaji Babba ya turo murya. Shi ne dattijon da 'yan kasuwarmu suke jin maganarsa. Ofishinsa yana bene na tara a ginin Tianxiu, wurinsa ake kai ƙara idan an yi faɗa, kuma shi yake rubuta takardar shaida idan ɗayanmu ya mutu a ƙasar nan. Ya ce, "Jama'a, mun ji abin da ya faru. Kowa ya san halin mutumin nan, ba sai na faɗa ba. Ni dai ba zan sa hannuna a lamarinsa ba, kuma ina ba da shawara kada a tara mutane. Yana da ƙane a garin nan, ya ji da shi."

Waɗanda suka yi kuka ba sa cikin zauren. Matar da take sayar wa Inna naman rago, Musulma ce 'yar ƙasar, ta rufe shagonta ta zo asibiti da gyalenta a karkace. Mai gadin benen da Inna take zaune ya zauna a kan matakala ya rufe fuskarsa da hula. Wasu mata biyu 'yan Kumasi masu sarin gashi suka zo suka zauna kusa da ni har la'asar. Sai kuma mu, 'ya'yan ɗakinta, da Tsoho abokin zamanta.

Ina rubuta wannan ne don kada a manta da ita, kuma don kada a manta da abin da aka yi mata. Ba zan ambaci sunan kowa ba. Kowa ya san kansa.

Wanda bai san mu ba zai yi mamakin jin ina cewa "ita". A wurin 'yan kasuwa Kawu ne, namiji mai furfura a gemu, mai dafa tuwo a wani gida da ke bayan titin Huanshi. A wurinmu, mu 'yan daudu da masu harka, wato maza masu son maza, da muka taru a garin nan daga Kano da Zariya da Maraɗi, Inna ce. Haka muke kiranta idan an rufe ƙofa, haka take kiran kowannenmu "ke", kuma haka zan kira ta a nan. Sun isa su hana ta addu'a, ba su isa su faɗa mini yadda zan kira uwata ba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da na fara ganinta. Na zo sarin kayan waya, kwana uku ina cin burodi da ruwan shayi, sai wani ya kai ni gidan. Falo ne ƙarami, an shimfiɗa leda a ƙasa, alhazai sun zauna gwiwa da gwiwa kowa da kwanonsa. Ƙamshin daddawa ya doke ni tun daga matakala har idona ya kawo ruwa. Ta miƙo mini kwano, na karɓa, ta ɗan tsaya tana kallon hannuna. Da mutane suka watse na miƙe zan fita, sai ta ce a hankali, "Ke 'yar nan, zo ki taya ni wanke-wanke."

Na baro Kano ne bayan an kama wasu ƙawayena a wani biki an aske musu kai an nuna su a gari, kuma na yi rantsuwa ba wanda zai sake gane ni. Na gyara tafiyata, na ƙara wa muryata kauri. Ga shi cikin minti biyar wani tsoho mai ludayi ya karanta ni. Na bi ta kicin. Ta cire hularta ta rataye a ƙusa, ta ɗaura zani a ƙirji a kan rigarta, ta ce in zauna. Abin da na fara tambaya shi ne ko ana kama mutane a nan.

"An daɗe da goge wannan doka," in ji ta. "Ɗan sanda zai tambaye ki fasfo, zai tambaye ki tukunyar gas, ba zai tambaye ki wa yake kwana a gadonki ba. Wanda za ki ji tsoro shi ne wanda ya tashi daga falon nan yanzu yana sakace."

Gaskiya ta faɗa. A garin nan na ga maza biyu 'yan ƙasar suna tafiya hannu cikin hannu a bakin kogi ba wanda ya waiwaya. Amma mu da Kano muka zo a cikin jaka. Duk abin da ka yi a unguwarmu ta Xiaobei da safe, kafin magariba ya isa Kantin Kwari.

Inna ba ta da sauƙi. Idan ka nemi ƙarin nama sai ta ce "meyo", wato babu, da irin muryar masu shagon garin, alhali kana ganin naman a tukunya. Bayan ka haƙura sai ta tsamo maka tsoka biyu ta ce don kada ka mutu a gidanta. Kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa a jakunkunan alhazai suke zuwa mata, kuma duk wanda ya kawo kukar da ta sha iska sai ya ji a gaban mutane. A kasuwa da yaren garin take ciniki, amma da karin Kano, har masu kayan miya suna kiran juna su zo su saurara. Tana sa lalle a ƙananan yatsun ƙafarta ta rufe da safa. Ba ta taɓa barin salla ta wuce ta ba. Ranar Juma'a sahun ƙarshe take tsayawa, a can gefe, domin ta lura idan ta shiga tsakiya sai na kusa da ita ya matsa. Na ce mata wannan wulaƙanci ne. Ta ce, "Ba wurinsu na zo ba."

Tsoho shi ne mutumin da ta zauna da shi shekara goma sha tara. Ɗan ƙasar ne, tela, siriri, mai tabarau mai kauri. Yana saurayi, a zamanin tsohuwar doka, aka kama shi a wani lambun shaƙatawa tare da wani namiji, aka kai shi aikin horo, aka kore shi daga masana'antar da yake aiki, 'yan'uwansa suka daina kiran sunansa. Da aka goge dokar ba wanda ya zo ya ba shi haƙuri. Shi da kansa ya faɗa mini, yana ɗinki bai ɗago ba. Sun haɗu da Inna ne ranar da ta kai masa yadi ya ɗinka mata jamfa, ta tsaya a kansa tana gyara masa wuyan rigar har sau uku.

A bakin Inna ya koyi Hausa, saboda haka Hausar mata yake yi. Kowane Alhaji "ke" yake ce masa. Sai ka ga babban mutum da babbar riga ya shigo, Tsoho ya ce, "Sannu da zuwa, zauna, kin gaji." Alhazai suna dariya, a zatonsu kuskuren baƙo ne. Suna ce masa loban, wato mai gida, sun ɗauka shi ya ba Kawu hayar ɗaki. Wasu sun gane, suka yi shiru saboda tuwo.

Sau ɗaya muka yi faɗa na gaske da Inna. Wani mai sarin agogo ya zage ni a gaban mutane a Tianxiu, ya kwaikwayi tafiyata, aka yi ta dariya. Mutumin nan kuwa na san shi, na san wanda yake zuwa wurinsa a cikinmu da ranar da yake zuwa. Na shiga kicin ina huci na ce yau sai na tona masa asiri a zauren waya. Inna ta buga ludayi a bakin tukunya har miya ta fallatsa a bango.

"Duk wanda ya shigo ɗakin nan ya cire hularsa, amana ya ba ni," in ji ta. "Idan kin tona shi, matarsa a Kano me ta yi miki? 'Ya'yansa fa? Ki fita, kada ki dawo sai kin huce."

Na ce mata ita tsoro ya yi mata yawa, shi ya sa aka raina mu. Ta ce in ɗauki takalmina. Sati uku ban taka gidan ba. A sati na huɗu Tsoho ya zo masaukina a unguwar Sanyuanli da kwanon miyar taushe, ya ce, "Innarki ta ce ki ci, amma ba ta yafe ba tukuna."

Yanzu bari in tuna wa masu cewa kowa ya san halin mutumin nan wani abu daga halin nata. Lokacin annoba, da masu masauki suka riƙa fitar da baƙar fata suna rufe ƙofa, 'yan kasuwarmu da yawa sun kwana a bakin titi da jakunkunansu. Wa ya buɗe musu ƙofa? Falon Inna ya cika har ba wurin taka ƙafa. Tsoho, da yake ɗan ƙasa ne ana barinsa ya shiga kasuwa, shi yake fita ya yiwo cefane ya hau bene da buhun shinkafa a kafaɗa, mutumin da ya haura saba'in. Mai sarin takalman nan da ya fara rubuta addu'ar Musulmi, a kan katifar Inna ya kwana sati biyu, ita tana kwance a ƙasan kicin. Da zazzaɓi ya kama shi ita ta riƙa goga masa ruwa a goshi, yana kuka yana kiran sunan uwarsa. Na gani da idona.

Ƙanen Inna ma a nan ya fake. Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Uwar ta rasu yana ƙarami, Inna ce ta goya shi, ta yi masa wanka, ta raka shi makaranta. Ita ta kawo shi ƙasar nan ta nuna masa masana'antun wando. Da ya yi ƙarfi sai ya koma shigowa ta ƙofar baya, kuma a gaban mutane "mai abinci" yake ce mata. Inna takan ware masa ƙafar kaza, domin tun yana ƙarami ita yake so.

Ciwon hanta ne ya kwantar da ita. Wata biyu a asibiti, Tsoho yana kan kujera a gefenta, ni da yayarmu ta Maraɗi, wadda ita ce babba a cikinmu bayan Inna, muna karɓar juna. Ƙanen ya zo sau ɗaya, ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce yana da kaya a tashar jirgin ruwa. Safiyar da za ta cika ta sa na yi mata alwala, ta tambaye ni ina ne gabas. Kalmar shahada ce ƙarshen abin da na ji a bakinta. Wannan shaida ce zan maimaita ta a gaban Allah.

Bayan ta cika ne muka ga iyakar dokar da aka goge. Ma'aikaciyar asibiti ta kawo takarda ta tambayi Tsoho mene ne shi a wurin mamacin. Ya ce aboki. Ta ce aboki ba ya karɓar gawa. Ba ta yi masa tsawa ba, har kujera ta jawo masa, amma a takardar babu gurbin da za a rubuta shekara goma sha tara. Ta yi mana bayani cewa sai ɗan'uwa na jini ya sa hannu, kuma sai an kawo shaida daga jama'armu cewa Musulmi ne, sannan a ba mu ita mu kai maƙabartar Musulmi. Idan wa'adi ya cika ba a kawo ba, za a yi mata yadda ake yi wa gawar da ba mai ita a ƙasar nan. Ƙonawa.

Washegari na je wurin ƙanen a Sanyuanli. Na same shi a tsakiyar dilolin wando yana duba ɗinki. Na gaishe shi, na yi masa gaisuwar rashi, na miƙa masa takardar. Bai karɓa ba.

"Malam, ka fahimce ni," in ji shi. "Ina da 'ya'ya mata uku, ba wadda ta yi aure. Idan aka ji ni na tsaya a kan wannan gawa, wa zai zo gidana? Idan Alhaji Babba ya rubuta shaida, zan sa hannu. Idan bai rubuta ba, ni ba zan fita daga jama'a ba."

"Za a ƙona wanda ya goya ka," na ce.

"Shi ya zaɓi rayuwarsa," ya ce, ya juya ya ci gaba da duba ɗinki.

Na koma gidan Inna na tarar da Tsoho zaune a kicin, hularta tana rataye a ƙusa. Na faɗa masa. Ya tashi ya shiga ɗaki ya fito da wani gwangwanin biskit, ya ciro hoto ya miƙo mini. Tsohon hoto ne na ɗakin ɗaukar hoto a Kano, da labulen furanni a baya. Inna ce tana da ƙuruciya, ta yi kwalliya, ta jingina da kafaɗar wani saurayi dogo wanda ya riƙe ta a kugu. A bayan hoton an yi rubutu da biro, kalmomin da namiji yake rubuta wa wadda yake so, da sa hannu a ƙasa. Na san sa hannun. Yana kan kowace takardar shaida da ta fito daga bene na tara.

Tsoho ya ba ni labarin da Inna ba ta taɓa ba mu ba. Shekara goma suka yi tare a Kano. Da Alhaji Babba ya fara zuwa ƙasar nan shi ya taho da ita a matsayin mai dafa masa abinci. Da girma ya zo masa, aka fara kiransa Babba, sai wata rana ta dawo daga kasuwa ta tarar da jakarta a waje. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba sai Tsoho. Bayan haka ma Alhaji ya ci gaba da aiko a karɓo masa tuwo, ita kuma tana zuba masa, ba ta rage ko cokali ba.

"Innarki za ta yi fushi," in ji Tsoho. "Amma ni ba zan bari a ƙona ta ba. Ki je."

Na je da safe, lokacin da ofishin yake cike. Na jira har ya sallami mutane, na shiga na rufe ƙofa. Ya ɗago daga kan takardunsa ya ce, "Lafiya?" Na ajiye hoton a kan tebur, na dafe shi da yatsa. Ya miƙo hannu, na janye.

"Alhaji, abu uku nake so," na ce. "Ka rubuta shaida yanzu. Ka turo murya a zaure ka ce kowa ya fito jana'iza. Kuma ka tsaya a sahun farko."

"Kai yaro, ka ji tsoron Allah," in ji shi. "Abin ƙuruciya ne, na tuba tuntuni."

"Wanda ya tuba ba ya sa a ƙona Musulmi."

"Ina da iyali. Ina da jikoki."

"Na sani. Kafin azahar in ban ji muryarka ba, su ma za su ga kakansu yana saurayi."

Ya daɗe yana kallon hoton. Sannan ya jawo takarda ya rubuta, ya ɓata ta farko ya sake wata. Kafin in sauka ƙasa muryarsa ta shiga zaure: ya yi shawara da malamai, Musulmi Musulmi ne, hisabi na Allah ne, kowa ya fito. Nan da nan addu'o'i suka fara zubowa daga bakin mutanen da suka yi shiru kwana biyu. Ƙanen ya kira ni da kansa ya tambayi inda zai sa hannu.

Na san na yi abin da ta kore ni sati uku a kansa. Na ɗauki amanar da ta riƙe fiye da shekara talatin na mayar da ita wuƙa. Idan laifi ne, nawa ne, ba nata ba. Ban yi nadama ba, kuma da za a sake, da na ƙara masa sharaɗi na huɗu.

Ni da yayarmu ta Maraɗi muka yi mata wanka, wani dattijo Musulmi ɗan ƙasar yana nuna mana. Lallen yana nan a yatsun ƙafarta. Dattijon ya gani, ya ja likkafani ya rufe. Tsoho ne ya ɗinka likkafanin da hannunsa. Aka yi mata salla bayan azahar ana yayyafi, sahu uku cif. Inna da ta ƙare rayuwarta a gefen sahun ƙarshe, ranar ita ce a gaba, duk suna bayanta. Alhaji Babba yana sahun farko, ni ina daidai bayansa, ina kallon gumi yana gangara masa a ƙeya.

A bakin kabari wani ya ce loban ya tsaya a waje tunda ba Musulmi ba ne. Na kalli Alhaji. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ku bar shi." Tsoho ya matso da lemarsa, ya durƙusa ya ɗebi ƙasa ya zuba. Ya ce da Hausarsa, a gaban kowa, "Kin tafi kin bar ni." Ba wanda ya yi dariya. A ranar waɗanda ba su gane ba suka gane.

Bayan kwana arba'in muka buɗe kicin, ni da yayarmu. Miyar ba ta kai tata ba, amma duk unguwar ba wani tuwon. Suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya. Mai sarin takalma ya zo ya zauna ya ce a zuba masa. Na ce masa babu. Ya nuna tukunya ya ce ga shi yana gani. Na ce, "Akwai, amma ba naka." Ya tashi yana zage-zage, na riƙe masa ƙofa. Ƙanen ya zo ta ƙofar baya kamar yadda ya saba. Yayarmu ta ce masa an toshe wannan ƙofa, idan yana da magana ya biyo ta falo ya faɗi abin da marigayin yake a wurinsa. Bai biyo ba. Ɗan Maraɗin nan mai wauta kaɗai muka ƙyale, domin shi ya zo ya zauna ya yi kuka a kan kwanonsa.

Alhaji bai sake aiko a karɓo masa tuwo ba. Wata huɗu yana kauce mini. Sai ranar wata Litinin na je Tianxiu kai wa wani kaya, na shiga lif a bene na goma, ya tsaya a na tara, ƙofa ta buɗe, ga shi shi kaɗai. Ya yi kamar zai koma, sannan ya shigo. Ya rame, babbar rigar ta yi masa yawa. Muka fara sauka.

"Ka ba ni hoton," in ji shi, bai kalle ni ba.

"Na Tsoho ne."

"To ka yafe mini. Ba na barci."

"Ba ni ka yi wa ba."

Ya dafa bangon lif ɗin. Na ga hawaye ya sauko ya shige cikin gemunsa. Ya ce, can ƙasa-ƙasa, "Kai ba ka sani ba. Ban taɓa son wani mahaluki kamar yadda na so shi ba."

"Na ji," na ce. "Idan ƙofa ta buɗe ka maimaita, zan ba ka hoton yau."

Lif ya tsaya. Ƙofa ta buɗe a kan 'yan kasuwarmu sun kai goma, suna jira da kwalaye. Alhaji Babba ya goge fuskarsa da hannun riga, ya gyara zaman hularsa, ya fita yana amsa gaisuwa, yana tambayar kowa ya kasuwa.

Ban yafe masa ba. Ban yafe wa ƙanen ba, ban yafe wa waɗanda suka kwana a falonta suka tashi suka ƙi ta ba. Allah ya isa tsakaninmu da su, kuma ina roƙon ya tsayar da mu a gabansa rana ɗaya, da ni da su da ita, a tambayi kowa.

Ke kuma Inna, Allah ya yalwata miki makwanci, ya sanyaya miki ƙasar baƙunta, ya karɓi sallolin da kika yi ke kaɗai a gefe. Tsoho yana nan, yana cin abinci kaɗan-kaɗan. Muna kula da shi.